Kafin A Yi Wa Kwamfuta Fomatin, A Binciki Ram



Yau za mu yi magana ne a kan wata cuta ta kwamfuta da ake yawan yi wa maganin da ba nata ba. Mutum yana tsakiyar aiki sai kwamfuta ta sandare, linzami ya ƙi motsi. Ko fuskarta ta rikiɗe ta koma shuɗiya, ta rubuto wasu dogayen kalmomi, ta kashe kanta ta sake tashi. Ko kuma a danna makunni, fanka ta juya, fitila ta kama, amma fuska ta tsaya baƙa ƙirin. Mai ita ya saɓa ta zuwa wurin gyara, kafin ya rufe baki an riga an yanke hukunci: bairos ne, sai an yi fomatin. A share komai, a zuba sabon Windows, a karɓi kuɗi. Bayan 'yan kwanaki ciwo ya dawo. A sake fomatin. Daga nan sai a ce masa, Alhaji, bod ɗin ne ya mutu, gara ka nemi wata.

Da yawa daga cikin irin waɗannan kwamfutoci babu bairos a jikinsu, madabod ɗinsu kuma da ransa. Ko dai ram ne bai jitu da bod ba, ko ya soma lalacewa, ko bai zauna daram a gurbinsa ba. Abin da nake son mu riƙe tun daga farko shi ne, tashin kwamfuta ba shaidar lafiyar ram ba ne. Ram yana iya shiga gurbi, kwamfuta ta tashi, Windows ya nuna maka gig 8 cif, alhali a ɓoye yana yi maka ɓarna.

Ga dalili. Duk abin da ka adana a kwamfuta, hoto ne ko takarda ko fim, yana kwance ne a had-disk ko SSD. Amma furosesa ba ta aiki da shi daga can, saboda ma'ajiyar tana da nawa. Sai an kwafo shi zuwa ram tukuna. Harafin da ka buga, lissafin da Excel ya yi maka, hoton da kake gyarawa, har shi kansa Windows ɗin, duk ta ram suke shiga, ta ram suke fita. A cikin baƙaƙen ƙwayoyin nan da suke jere a jikinsa akwai 'yan mitsi-mitsin ɗakuna, kowanne da taransisto ɗaya da kafasita ɗaya, tsarin da wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Robert Dennard ya ƙirƙiro a 1966. Da caji ko rashinsa a kafasitar ake rubuta 1 ko 0. Ram mai gig 8 yana ɗauke da irin waɗannan ɗakuna fiye da biliyan 68. Cajin kuma ba ya zama, yoyo yake yi, dole a riƙa zagayawa ana sabunta shi. A DDR3 da DDR4, kowane ɗaki sai an waiwaye shi kusan sau 16 a daƙiƙa guda. Zafi yana ƙara wa yoyon sauri, shi ya sa ƙa'idar masu ƙera shi ta ce idan zafin ƙwaya ya haura digiri 85, a ninka yawan waiwayen. To a cikin biliyoyin nan, ɗaki ɗaya tak ya juya daga 1 zuwa 0, ya isa ya sauya lamba a lissafi, ko ya kayar da Windows gaba ɗaya.

Kada a ɗauka wannan abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. A 2009, wata malama a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, Bianca Schroeder, tare da wasu ma'aikatan Google biyu, sun fitar da sakamakon binciken da suka shafe kimanin shekara biyu da rabi suna tattara bayanansa daga manyan kwamfutocin kamfanin. Sun gano cewa kusan ɗaya bisa uku na injinan suna gamuwa da kuskuren ram aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma fiye da kashi 8 cikin 100 na su ram ɗin suna yin kuskure a kowace shekara. Waɗannan fa injina ne da ke zaune a ɗakunan da ake kula da sanyinsu, da tsayayyiyar wuta, kuma ram ɗinsu irin mai gano kuskure ya gyara da kansa ne, wanda ake kira ECC. Kwamfutocin da ke shagunan buga takardu, da ofisoshinmu, da cibiyoyin jarrabawar JAMB, galibinsu ba su da wannan gatan. Idan kuskure ya auku, babu mai gani, babu mai gyarawa. Kwamfutar da ta faɗi ta nuna shuɗin allo ma ta yi maka adalci, don ta sanar da kai. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce wadda ta yi shiru, ta adana maka sakamakon ɗalibai ko lissafin shago da lamba guda a karkace.

Shi ya sa fomatin ba ya warkar da wannan cuta, har ma yakan ƙara ta. Sabon Windows ɗin da ake zubawa, ta cikin wannan ram ɗin mai matsala zai bi kafin ya sauka a had-disk. Wani fayil ya gurɓata a hanya, a gina sabon tsari a kansa. Duk mai gyaran da ya ga zubin Windows yana yankewa, yau a nan gobe a can, ya gwada wani filash ɗin abin bai sauya ba, to ya bar zargin filash, ya duba ram. Haka nan idan sunan kuskuren da shuɗin allo ke rubutawa yana sauyawa, yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, jibi wani dabam, sannan manhajoji mabambanta suna rufe kansu babu tsari. Matsalar manhaja takan maimaita kanta a wuri guda, a aiki guda. Matsalar ram ba ta da wurin zama.

Mu zo kan jituwa. Yawancinmu da gig muke sayen ram: ba ni gig 4, ba ni gig 8. Gig kuwa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da sai sun dace. Na farko shi ne zuriya. DDR2 ya fito a 2003 yana cin bolt 1.8. DDR3 ya biyo baya a 2007 da bolt 1.5. DDR4 ya shigo kasuwa a 2014 da bolt 1.2, sai DDR5 da aka fitar da ƙa'idarsa a 2020, mai bolt 1.1. Ƙungiyar JEDEC da ke Amurka ce ke tsara waɗannan ƙa'idoji, kuma da gangan aka sa wata 'yar tsaga a tsakanin haƙoran kowace zuriya a wuri dabam, don kada wani ya shiga gurbin wani. DDR2 da DDR3 na kwamfutar tebur duk haƙora 240 gare su, DDR4 da DDR5 duk 288, amma tsagar ba wuri ɗaya take ba. Idan ka ga ram ya ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi. Duba tsagar. Furosesar Intel zuriya ta 12 da ta 13 da ta 14 tana iya aiki da DDR4 ko DDR5, amma shi bod ɗin, galibi ɗaya ne kaɗai yake karɓa, kuma tun daga masana'anta aka yanke wannan.

Wannan mai sauƙi ne, tunda ido yana gani. Wahalar tana inda ram ya shiga lafiya lau amma ba na wurin ba ne. A nan ne nake roƙon kowa ya koyi karanta 'yar farar takardar da ke manne a jikin ram. Ɗauki ɗaya na laftof, ka kawo shi kusa da ido. Za ka ga rubutu kamar haka: 4GB, 1Rx8, PC3L, 12800, sai harafin S. Kowane yanki da abin da yake faɗa. 4GB girma ne. PC3 yana nufin DDR3. Lambar 12800, in ka raba ta gida 8 ta ba ka 1600, saurinsa ke nan. Wancan harafin L da ke manne da PC3 kuwa, shi ne ya sha jawo wa mutane asara. Yana nufin ram ɗin yana aiki da bolt 1.35 maimakon 1.5. Laftof masu furosesar Intel zuriya ta 4, waɗanda suka fito daga 2013, irin su HP EliteBook 840 G1, da Lenovo ThinkPad T440, da Dell Latitude E7440, an gina su ne a kan mai L. Ka sa musu PC3 marar L, zai shiga gurbi tsaf, haƙora 204 ne duka, tsaga wuri ɗaya. Amma wata ta ƙi tashi sam, wata ta tashi ta riƙa faɗuwa. Shi mai L ɗin yakan yi aiki a yawancin tsofaffin injina masu bolt 1.5, amma marar L ba ya maye gurbinsa. Kama da wane ba ta wane. Kuma irin waɗannan injina su ne suka cika hannun ɗalibai da ma'aikata, tunda tokumbo ne mafi yawa ke shigo mana, daga Computer Village ta Ikeja har titin Beirut a Kano. Ko a cikin gida ɗaya ma a lura: EliteBook 840 G1 da G2 DDR3L suke ci, G3 kuma DDR4.

Sai harafin ƙarshe. S na laftof ne. U na kwamfutar tebur ta yau da kullum ne. E mai gyaran kuskure ne, wanda ba kowane bod ke karɓa ba. R kuma na manyan injinan sabar ne, akwai wata ƙarin ƙwaya a tsakiyarsa, kuma bod ɗin gida ba ya tashi da shi ko kaɗan. Na sha ganin irinsu a ɗaure da kyauro a cikin kwali, gig 8, gig 16, ga arha kamar a ce kyauta. Dalilin arhar shi ne kamfanonin ƙasashen waje suna sauke tsofaffin sabar da yawa, masu buƙatarsu kuma kaɗan ne. Tsawonsu ɗaya da na tebur, suna shiga gurbi. Mutum ya saya da murna, ya je gida ya sa, fuska baƙa. Ram ɗin lafiyarsa ƙalau, bod ɗin lafiyarsa ƙalau, ba a yi su don juna ba ne kawai. A takardar DDR4, wannan harafi yana zuwa ne bayan lambar sauri da 'yar karan ɗori.

Shi kuma 1Rx8 ko 2Rx8, yana bayyana yadda aka jera ƙwayoyin. Tsofaffin injina na zamanin Core 2 Duo, irin bod mai G41 da takwarorinsa na laftof, ba su san manyan ƙwayoyin da aka ƙera daga baya ba. Ka ba su gig 4 mai ƙwaya 8, su ƙi tashi ko su kasa ganinsa duka. Ka ba su gig 4 mai ƙwaya 16, takwas gaba takwas baya, su karɓa. Tsofaffin masu gyara sun san wannan, shi ya sa za ka ga suna juya ram suna ƙirga ƙwayoyi kafin su miƙa. Akwai kuma wanda ya ƙara ram ya kai gig 8, Windows ya ce gig 3 da 'yan kai kawai yake iya amfani da su. Wannan ba laifin ram ba ne, Windows mai bit 32 aka zuba, wanda ba ya wuce gig 4. A nan ne kaɗai, a duk maganar da muke yi, sake zuba Windows yake zama magani.

To, yaya batun haɗa ram biyu da ba iri ɗaya ba? Tambaya ce da ake yawan yi, kuma amsar ba a'a ba ce kai tsaye. A jikin kowane ram akwai wata 'yar ƙwaya ƙarama da ake kira SPD, wadda ke ɗauke da bayaninsa: girmansa, saurinsa, da yawan bugun da yake jira kafin ya amsa kira. Da an kunna kwamfuta, BIOS zai karanta wannan bayani daga kowannensu, ya zaɓi saurin da duka za su iya, wato na mai nawar cikinsu. Ka haɗa mai 1600 da mai 1333, duka su koma 1333. Sau da yawa hakan yana tafiya lafiya, musamman a injinan ofis. Amma duk wanda ya taɓa kallon mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san cewa ba ƙarfi ne ke riƙe aikin ba, lokaci ne. Taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi. Ɗayarsu ta yi jinkirin ƙiftawar ido, taɓare su gwabzu. A ram, wannan jinkiri da kason biliyan na daƙiƙa ake auna shi. Ram biyu suna iya amincewa da lamba ɗaya a takarda, amma da aiki ya yi nauyi, jiki ya yi zafi, ɗaya ya saɓa.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sunan da ke jikin ram ba lallai ne ya zama na wanda ya ƙera ƙwayoyin ba. Kamfanoni uku ne ke riƙe da kusan duk kasuwar ƙwayar ram ta duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Irin su Kingston da Corsair da ADATA saye suke yi su harhaɗa. Don haka ram biyu masu suna ɗaya, lamba ɗaya, waɗanda aka saya wata shida tsakani, suna iya zama da ƙwayoyi mabambanta a ciki. Wannan ne ya sa ake sayar da su biyu-biyu a kwali ɗaya, waɗanda aka gwada tare. A ganina, mai kwamfutar ofis da ke son ƙara gig 4 a kan gig 4 ba sai ya zubar da tsohon ba, ya nemi mafi kusa da shi, ya gwada. Amma mai tace finafinai, ko mai zanen gine-gine, ko mai aikin ɗab'i da ya kashe maƙudan kuɗi ya haɗa babbar kwamfuta, ya sayi 'yan kwali ɗaya.

Su waɗannan masu manyan injina suna da tasu matsalar dabam. Ka sayi DDR4 da aka rubuta 3200 ko 3600 a kwalinsa, ka sa, ka duba, ka ga yana tafiya a 2133 ko 2400. Ba cutarka aka yi ba. Wancan babban saurin sai an shiga BIOS an kunna wani tsari da Intel ta fito da shi a 2007 mai suna XMP, wanda takwaransa na AMD, EXPO, ya zo a 2022. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, kunna shi tura ram ne sama da gudun da yake tashi da shi, yawanci har da ƙara masa wuta, a DDR4 daga bolt 1.2 zuwa 1.35. Mai ram ya yi alkawarin kayansa zai iya. Bai yi maka alkawarin furosesarka da bod ɗinka za su iya ba. Domin sashen da ke sarrafa ram ba a kan bod yake ba yanzu, yana cikin furosesa. AMD ta mayar da shi can tun 2003 da Athlon 64, Intel ta bi sahu a 2008 da Core i7 na farko. Ke nan abu uku ne sai sun yarda da juna: ram, furosesa, da bod tare da BIOS ɗinsa. Kuma ram huɗu sun fi biyu wahalar tuƙi. AMD da kanta ta rubuta cewa Ryzen 7000 yana ɗaukar DDR5 a saurin 5200 idan guda biyu ne, amma idan an cike gurbi huɗu, 3600 ta lamunta.

Tarihin wannan rigima ba ɓoyayye ba ne. Da Ryzen na farko ya fito a 2017, masu saye da yawa sun kasa kai ram ɗinsu saurin da ke jikin kwali, sai da aka yi ta fitar da sababbin BIOS cikin watanni kafin abin ya daidaita. A 2023 kuma aka samu wasu furosesa na Ryzen 7000, musamman masu X3D, suna ƙonewa saboda wutar da wasu bod ke turawa ta yi yawa, galibi bayan an kunna tsarin ƙara saurin ram, har AMD ta sa aka ƙayyade wannan wuta kada ta wuce bolt 1.3. Darasin da ke ciki ga mai haɗa kwamfuta a fili yake. Kafin ka sayi ram, shiga shafin kamfanin da ya yi bod ɗinka, akwai jerin ram ɗin da suka gwada da shi, suna kiransa QVL. Wanda ba ya cikin jerin yana iya aiki, amma wanda ke ciki an riga an gwada maka. Sannan ka duba ko akwai sabon BIOS. Sai dai a nan ina jan kunne da babbar murya: kada a sabunta BIOS a kan wutar NEPA tsura. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, bod yana iya ƙin tashi daga ranar. A jona UPS mai kyakkyawan batir, in laftof ce a cika ta da caji tukuna.

Mai sabuwar kwamfuta ta DDR5 kuma ya yi haƙuri a kunnawar farko. Fuska tana iya zama baƙa na 'yan mintoci, bod yana gwada lokutan ram yana neman wanda ya zauna. Kada a yi saurin zare wuta.

Yanzu ga kwamfuta a gabanka, ta ƙi tashi ko tana faɗuwa. Fara da sauraronta. Yawancin bod na zamani suna da ƙananan fitilu huɗu a gefe, an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT. Inda hasken ya tsaya, nan matsalar take. Tsofaffi kuma ƙara suke yi, ko su riƙa ƙyafta fitila. A tsofaffin laftof na HP da yawa, fitilar Caps Lock ta ƙyafta sau uku tana nuni ne ga ram. Kowane kamfani da nasa tsarin, yana cikin littafin injin.

Zare wuta, cire batir in mai cirewa ne, danna makunni na 'yan daƙiƙoƙi don sauran caji ya fita. Taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ka taɓa ram. Wannan ya fi muhimmanci da hunturu. Ɗan tartsatsin nan da ke jan yatsanka in ka taɓa ƙofar mota lokacin da iska ta bushe, ya isa ya raunata ƙwaya, kuma ba lallai ta mutu nan take ba, sai ta riƙa kuskure jefi-jefi. Kama ram ta gefe da gefe, kada yatsa ya hau haƙoran. Duba su a haske. Ƙurar hunturu tana shiga gurbi, damina ta zo da danshi, su haɗu su yi wani dauɗa mai duhu a kan ruwan zinaren. Masu gyara sun saba gogewa da kilinar fensir, kuma tana aiki, in dai mai taushi ce, an goga a hankali, an kuma kakkaɓe ɓurɓushinta tas. Ni na fi son tsumma mai tsafta da ɗan sifirit, a bari ya bushe. Reza, da sanfefa, da fetur, duk a nisance su, ruwan zinaren nan siriri ne ƙwarai, in ya kankare ya tafi ke nan. Gurbin kuma a hure shi da bulowa, ba da baki ba.

Wajen mayarwa, na tebur a tsaye yake shiga, a danna gefe biyu har maƙallan su rufe da kansu, ka ji ƙas. Na laftof a karkace ake zura shi har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan a kwantar da shi. Ram da ya shiga rabi yana daga cikin abubuwan da suka fi yawan hana kwamfuta tashi, musamman wadda ta sha jijjiga a bayan mota ko a kan babur. Idan bod mai gurbi huɗu ne kuma ram biyu gare ka, a yawancin bod gurbi na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake fara cikewa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Idan an taɓa saitin BIOS, a mayar da shi yadda ya zo, ko a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci. In agogon kwamfuta yana yawan komawa baya, batirin ne ya ƙare, a sauya shi.

Daga nan sai gwaji, kuma shi ne matakin da aka fi tsallakewa. Akwai manhaja mai suna MemTest86, wadda Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, da 'yar uwarta Memtest86+. Duka ana samunsu kyauta. A filash ake sa ta, kwamfuta ta tashi daga filash ɗin ba tare da Windows ba, ta riƙa rubuta lambobi a kowane ɗaki na ram tana karantawa, tana duba ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Zagaye huɗu ake so, kuma yakan ci sa'o'i. Shi ma Windows yana da nasa, a rubuta mdsched a wurin bincike. Bai kai waɗancan zurfi ba, amma ya fi babu. Ƙa'idar guda ce: kuskure ɗaya ma ya yi yawa. Kuma a yi gwajin a yanayin da injin zai yi aiki, akwati a rufe, da rana tsaka. Ram da ya ci gwaji da asuba a buɗaɗɗen akwati gaban fanka bai gaya maka yadda zai yi da azahar a watan Afrilu ba.

Idan kuskure ya fito, a kashe XMP a sake. In ya ɓace, ram ɗin lafiya yake, saurin ne ya fi ƙarfin injin, a rage shi mataki ɗaya. In bai ɓace ba, a koma ɗaya bayan ɗaya. Ram guda, gurbi guda. Kuskuren da ke bin ram duk inda aka kai shi, na ram ne. Wanda ya tsaya a gurbi ɗaya ko wane ram aka sa, na bod ne, ko na mazaunin furosesa. A ɗaga furosesar a duba 'yan siraran alluran da ke ƙarƙashinta da gilashin ƙara girma, domin allura ɗaya ta lanƙwashe tana iya kashe gurbi biyu, haka ma ɗaure fankar furosesa da ƙarfin da ya wuce kima. Idan kuwa kowane ram ya ci gwaji shi kaɗai amma sun faɗi a haɗe, to rashin jituwa ce, a raba su. In duka sun ci gwaji a haɗe kuma kwamfuta tana ci gaba da faɗuwa, a saki ram a duba fawa-fak, da kafasitocin bod ko sun kumbura, da zafin furosesa, da lafiyar had-disk. Wutar janareto mai hawa da sauka tana gajiyar da fawa-fak, shi kuma in ya gaji yakan kwaikwayi ciwon ram.

Ina da roƙo ga 'yan uwana masu gyara da masu sayarwa. Na san shago yana cike, kwastoma yana tsaye yana jira, wuta kuma ba tabbas. Amma filash ɗaya mai MemTest86 ba ya cin komai, kuma injin yana gwada kansa ne yayin da kake wani aikin. Ka ce wa mai kaya, Malam, bar ta ta kwana, gobe ka zo ka ga sakamako da idonka. Mai sayar da ram na hannu kuma ya ba da kwana ɗaya ko biyu na gwaji, don kunna kwamfuta a kan kanta a ga tambarin Windows bai gwada dukkan ɗakunan ba. Akan samu ram da aka sauya wa takarda, don haka a buɗe manhajar CPU-Z, ita ma kyauta ce, a ga ko abin da ƙwayar SPD ta faɗa ya yi daidai da abin da ke manne. Masu cibiyoyin jarrabawa su gwada injinansu tun kafin lokaci ya ƙarato, domin yaron da kwamfuta ta faɗi masa a tsakiyar jarrabawa bai san ram ba, abin da ya sani shi ne shekararsa ce a kan layi.

Kai kuma mai saye, Malam ko Hajiya, in za ka ƙaro ram, tafi da kwamfutar, ko aƙalla ka ɗauki hoton takardar tsohon ram ɗin da wayarka, rubutun ya fito sarai. Idan kuma laftof za ka saya da niyyar ƙara mata ram daga baya, ka sa a buɗe bayanta ka ga gurbi da idonka. Sirara da yawa na yanzu an like musu ram a jikin bod da dalma, babu gurbi ko ɗaya. Irin waɗannan, gig ɗin da ka saya shi za ka zauna da shi, kuma ran da ƙwaya ɗaya ta lalace, sai ƙwararren mai aikin bod da injin hura zafi. Don haka ita ma a gwada ta kafin a biya kuɗi.